Intel, AMD ko tsohuwar ta ofis? Zaɓi ga mai gudun kwamfutar da ke ɗaukewa haka kawai

Wani ƙanena yana sana'ar haɗa bidiyon bukukuwa, kuma 'yan shekarun baya ya tara kuɗi aka harhaɗa masa kwamfutar tebur. Idan ya ɗora mata aiki mai nauyi, kamar fitar da bidiyon kamu na awa biyu, fankokinta su yi ta kuka amma ko gezau. Sai ya bar ta a kunne ya tafi sallar La'asar, ya dawo ya tarar ta sandare: agogon ƙasan allo ya tsaya tun minti ashirin da suka wuce, linzami ba ya motsi, sai an danne maɓallin kashewa. Wani lokacin kuma ya tarar ta mutu ta tashi da kanta, aikin da bai adana ba ya bi ruwa.

NEPA muka fara zargi, kamar kowa. Ya sayi sitabilaiza, ya ƙara da UPS, ba ta sauya zane ba. Aka canja fawafak, wato akwatin da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta, aka zare RAM ɗaya aka bar ɗaya, aka sake loda Windows har sau biyu. Mai gyaranmu ya juya madabod ɗin, wato babban faifan da duk kayan ciki ke haɗuwa a kansa, gaba da baya a ƙarƙashin fitila, ya shinshina shi, ya ce, "Malam, wallahi babu abin da ya ƙone a jikin bod ɗin nan, ko ƙauri ba ya yi." Muka rubuta wa kamfanin da ya ƙera bod ɗin. Amsar farko ta ce a sake loda Windows. Muka ce an yi. Ta biyu, daga wani ma'aikacin daban, ta ce a mayar wa wanda ya sayar. Shi kuwa mai shago garantinsa na wata guda ne, ya daɗe da cika.

Abin da ya kwantar da ita layi ɗaya ne a cikin BIOS, wato tsarin saitin madabod da ke tashi kafin Windows. Layin yana hana furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, shiga barci mai zurfi idan ba ya aiki. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni wace kwamfuta zai saya, ba na fara masa da zancen sauri.

Fawafak yana miƙa wa madabod wuta mai bolt 12, furosesa kuwa bolt ɗaya da 'yan kai yake buƙata. Idan ka buɗe akwatin ka duba gefen inda furosesan ke zaune, za ka ga jerin wasu ƙananan murabba'ai, a bod mai tsada an rufe su da ƙarfe mai shan zafi. Su ne VRM, aikinsu rage wutar nan da daidaita ta, kuma buƙatar furosesa tana hawa da sauka cikin ƙiftawar ido. Masu yanke hukuncin nawa za a bayar su biyu ne: BIOS na kamfanin madabod, da wani ƙaramin tsarin umarni na kamfanin furosesa da ake kira maikurokod. Da abu ya lalace, kowannensu yana da wanda zai nuna wa yatsa.

Kuskuren iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ma'aunin da zan auna komai da shi a nan. Idan wutar ta gaza abin da ake buƙata, kwamfuta ta yi tuntuɓe ta faɗi, ta tashi ba rauni. A gyara saiti, shi ke nan. Ta ƙanena irin wannan ce. Idan kuwa wutar ta yi yawa, tana cin furosesan ne a hankali kamar gara, ko ta ƙone shi lokaci guda. Wanda ya ci wannan wuta ya ciwu ke nan, babu saitin da zai dawo da shi.

Intel zubi na 13 da na 14

Waɗannan su ne 'yan kasuwa ke kira 13th gen da 14th gen. Na farko ya fito a Oktoban 2022, na biyu a Oktoban 2023, dukansu a kan soket LGA1700, wato gurbin da furosesa ke zama a jikin madabod. Ɗauki Core i9-13900K: iyakar da Intel ya rubuta masa idan ya buɗe wuta wat 253 ce. Amma masu ƙera madabod suna gasar wa zai fi wani maki a gwajin sauri, don haka da yawa daga bod ɗinsu suka fito daga kwali da iyakar wat 4096 da amfiya sama da 500, wanda a aikace yana nufin babu iyaka. Mai saye bai taɓa komai ba, haka ya same shi.

A farkon 2024 ƙorafi ya yi yawa, musamman daga masu wasannin da aka gina a kan manhajar ƙera wasanni ta Unreal Engine. Wasa ya rufe kansa da saƙon cewa ma'ajiyar katin hoto ta cika, alhali katin lafiyarsa ƙalau. A watan Afrilu Nvidia, kamfanin katin hoto, ya rubuta a bayanin direbansa cewa masu wannan matsala su tuntuɓi Intel. Intel ya juya ya ce masu madabod ne suka wuce gona da iri. Su kuma suka yi ta sakin sabon BIOS mai saitin da suka ce na asali ne, kowanne da nasa lissafin, har sai da Intel ya fito da nasa jadawalin mai suna Intel Default Settings. Ana cikin haka kamfanin wasanni na Alderon Games ya ba da sanarwar mayar da sabobinsa kan AMD saboda yawan faɗuwa.

Sai a ranar 22 ga Yulin 2024 Intel ya amsa cewa maikurokod ɗinsa ma yana neman wuta fiye da ƙima. A watan Satumba ya lissafa hanyoyi huɗu da ɓarnar ke shigowa. Ta farko saitin madabod ɗin da muka ambata. Ta biyu kuskuren da ke barin i9 ya ci gaba da gudu ko da ya yi zafi, aka toshe shi da maikurokod 0x125. Ta uku neman wuta mai yawa a kai a kai, 0x129 ya sa mata shinge a bolt 1.55. Ta huɗu ita ta fi ba ni mamaki: furosesa yana zaune ba ya aikin komai, ko yana ɗan aiki mara nauyi, amma ana ɗura masa wuta, 0x12B ne maganinta. A watan Mayun 2025 aka ƙara da 0x12F saboda injinan da ke kwana da wuni a kunne.

Intel bai janye kayan daga kasuwa ba. Abin da ya yi shi ne ƙara shekara biyu a kan garantin waɗanda abin ya shafa, na kwali ya tashi daga uku zuwa biyar. A rubuce yake, kuma a ba shi haƙƙinsa, mutane da yawa a Amurka da Turai sun sami canji. To amma kai da za ka saya a Farm Centre ko Computer Village ko Banex, wataƙila na hannu, babu kwali babu rasit, wannan garantin kamar ruwan rijiyar maƙwabci ne da ba ka da guga. Yawanci za a nemi shaidar saye da lambobin da ke jikin furosesan, kuma wanda ya zo a cikin haɗaɗɗiyar kwamfuta, wajen kamfanin da ya haɗa ta ake fara komawa.

Ga inda gizo ke saƙa ga mai sayen na hannu. Furosesan da ya shekara biyu yana shan wuta babu iyaka a wata ƙasa, kamanninsa ɗaya da wanda bai taɓa shiga soket ba. Babu tabo, babu kumburi. Zai kunnu, zai shiga Windows, mai shago zai buɗe maka bidiyo ka gani. Sabon BIOS zai hana ƙarin ɓarna amma ba ya mayar da abin da ya tafi. Kuma ka tambayi kanka, mutumin da i9 ɗinsa ke aiki lafiya me zai sa ya rabu da shi da araha?

Ba duk dangin ne abin ya shafa ba. Bisa bayanin Intel, i3 da i5 marasa harafin K, irin su 13400 da 14400, sun tsira, haka zubi na 12 gaba ɗayansa, haka na laftof. Waɗanda ke cikin jerin su ne i5 masu K, da i7 da i9 na tebur, har da marasa K kamar 13700 da 14900. Sababbin Core Ultra 200S na Oktoban 2024, masu soket LGA1851, Intel ya ce ba su gaji ciwon ba, sai dai su madabod ɗinsu daban ne.

AMD a kan soket AM5

Kada mai karatu ya ɗauka can gidan lafiya lau ne. A Afrilun 2023 hotuna suka fara yawo na Ryzen 7 7800X3D da ya kumbura ta ƙasa, allurorin soket ɗin da ke daidai wurin sun yi baƙi. Dalilin shi ne idan mutum ya kunna EXPO domin RAM ɗinsa ya yi gudun da aka rubuta a kwalinsa, wasu bod ɗin sukan ɗaga wutar wani sashe da ake kira SoC har wajen bolt 1.4. Cikin 'yan makonni AMD ya sa shinge a bolt 1.3, ya tura wa masu madabod su saka a BIOS.

Abin da ya fi ɓata wa mutane rai a lokacin halin ASUS ne. Gyaran ya fito a BIOS na gwaji, a ƙarƙashinsa kuma da rubutun da mutane suka fahimta da cewa in ka loda ka fita daga garanti. Ka loda ka rasa garanti, ka ƙi lodawa furosesa ya ƙone: gaba kura baya siyaki. Bayan surutu ya yi yawa, musamman daga tashar Gamers Nexus, kamfanin ya cire rubutun a watan Mayu ya ce garanti na nan. Shekara guda bayan haka tashar nan ta aika masa ƙaramar na'urar wasa ta ROG Ally domin gyaran sandar sarrafawa da ke cikin garanti, sai aka turo mata lissafin kusan dala 200 a kan wani ɗan ƙwarzane da sai an ƙura ido ake ganinsa. ASUS ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin gyara tsarin karɓar kaya.

A 2025 kuma abin ya koma kan Ryzen 7 9800X3D, wanda ya fito a Nuwamban 2024. Mafi yawan rahotannin mutuwarsa sun fito ne daga masu bod ɗin ASRock. Da farko kamfanin ya alaƙanta abin da rashin jituwa da RAM, daga baya a watan Mayu ya amsa cewa iyakokin wutar da ya sa wa PBO, tsarin da ke ƙara wa furosesa gudu da kansa, sun yi yawa, ya saki BIOS 3.25. Ƙorafin bai ɗauke gaba ɗaya ba ko bayan haka.

In aka jera su, ga yadda nake gani. Ciwon Intel ya fi faɗi, ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin a amsa laifi, kuma a ɓoye yake. Na AMD ya fi tsanani ga wanda ya faɗa wa, amma ya fi taƙaita, yana bin wasu bod ne a wani lokaci, kuma sau da yawa ido na ganinsa: ka juya furosesan ka duba ƙasansa da fitilar waya, ka leƙa allurorin soket, in akwai baƙi ko kumburi ka ajiye. Saboda haka a gidan Intel furosesa za ka tantance, a gidan AMD madabod da BIOS ɗinsa. Ta fuskar gaba kuma, AMD ya ce zai ci gaba da fitar da furosesa a kan AM5 har 2027 ko fiye, LGA1700 kuwa tafiyarsa ta ƙare a zubi na 14. Sai dai AM5 ba ya karɓar kowane RAM sai samfurin DDR5, shi kuwa LGA1700 akwai bod ɗinsa na DDR4, abin dubawa ga wanda ke da RAM a hannu.

Tsofaffin hannu

Akwai zaɓin da ba shi da ado amma ni ya fi kwanta mini ga mai matsakaicin aljihu: Ryzen 5000 a kan AM4, ko Intel zubi na 12. Su ma sun yi nasu lalurar. A 2021 bod ɗin B550 da X570 sun yi fama da ɗaukewar USB, linzami da kibod su mutu na daƙiƙa ɗaya su dawo. A 2022 aka gyara wata 'yar sarƙewa da ke da alaƙa da fTPM, wani sashen tsaro da ke cikin furosesan. Ryzen na farko-farko an san shi da sandarewa a zaune, musamman a kan Linux, har aka ƙara layin Power Supply Idle Control a BIOS dominsa. Intel ma a 2013, da zuwan furosesansa na Haswell, ya shigo da barcin C6 da C7 mai zurfin da wasu tsofaffin fawafak ba sa iya riƙe wuta ƙanƙanuwa haka, sai su kashe kansu. Duk waɗannan na tuntuɓe ne. An gano su, an rubuta maganinsu, kuma ba sa barin rauni a jikin kaya. Na hannu a nan ba caca ba ce sosai.

Wanda kuma ya riga ya mallaki i7 ko i9 na zubi na 13 ko 14 da ke faɗuwa ko bayan ya sabunta BIOS ya koma saitin Intel, furosesan ya riga ya ciwu. In hannunsa bai kai ga garanti ba, ba sai ya zubar da bod ɗin ba: i7-12700K ko i5-12600K yana shiga soket ɗin nan daram.

Sai kwamfutocin ofis, Dell OptiPlex, HP EliteDesk, Lenovo ThinkCentre, waɗanda su suka cika shagunanmu. Falalarsu a wannan batu ita ce kamfani ɗaya ya haɗa bod da fawafak da BIOS, bai shiga gasar maki ba, iyakokin wutarsa a ɗaure suke tamau. Lambar da ke jikin akwatin kawai za ka shigar a shafin kamfanin ka sauko da sabon BIOS, kuma sukan yi shekaru suna fitarwa. Ga mai kafe, mai shagon buga takardu ko cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, ban ga abin da ya fi su ba. Aibinsu: fawafak ɗinsu ƙarami ne kuma sau da yawa fuloginsa na musamman ne, ba ya ɗaukar babban katin hoto, in ya mutu sai irinsa. Ka kuma lura da shekarunta, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa daga Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 yake farawa. In ka ci karo da ta ofis mai i7-13700, ita ma tana cikin jerin can na sama, sai ka tabbata an sabunta mata BIOS.

Abubuwa biyu na yankinmu suna ƙara wa wannan lissafi nauyi. Zafin Afrilu a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Bod mai araha wanda VRM ɗinsa ke tsirara ba ƙarfe, irin yawancin bod ɗin Intel na H610, in ka ɗora masa i7 a ɗakin da ba na'urar sanyaya, zai riƙa rage gudu ko ya ɗauke. Gara i5 a kan bod mai kyau da i9 a kan na jeka-na-yi-ka. Na biyu, yawancin maganin da na lissafa ta sabunta BIOS yake zuwa, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar lodawa bod ɗin na iya ƙin tashi. Kada ka fara sai a kan UPS ko inbata. Idan sabo za ka saya, nemi mai ƙaramin maɓalli a baya da ke loda BIOS daga filas ko da kwamfutar ba ta tashi: ASUS da ASRock suna kiransa BIOS Flashback, Gigabyte Q-Flash Plus, MSI Flash BIOS Button. A inda mayar da kaya ga kamfani ke nufin aika shi ƙetare, wannan maɓallin ya fi takardar garanti amfani.

Da ni ne mai haɗa bidiyo da kuɗin sabo a hannu, AM5 zan ɗauka, da bod mai wancan maɓallin, in sabunta BIOS kafin in kunna EXPO, PBO kuwa in bar shi a kashe. In aikina ya fi son Intel, Core Ultra ko sabon i5 mara K. Na hannun i7 ko i9 na zubi na 13 da 14 ba zan taɓa shi ba sai mai shago ya yarda a rubuce zai karɓa in ya faɗi, kuma ba garantin mako guda ba.

Kowacce ka zaɓa, ka tafi shago da filas mai manhajojin HWiNFO, mai nuna bayanan kayan ciki, da Cinebench, mai ɗora wa furosesa aiki mai nauyi don gwaji. HWiNFO zai nuna maka ranar BIOS da lambar maikurokod; a Intel na 13 da 14 kana son ganin 12B ko wanda ya biyo bayansa, kamar 12F. In Windows ɗin da ke ciki tsoho ne ba a goge ba, buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta tarihin matsalolin da suka faru, ka duba. Kernel-Power 41 yana nufin ta mutu ba sallama, ba ya faɗin dalili, ɗaukewar wuta ma na jawo shi. Amma in ka ga WHEA-Logger ya jeru, kayan ciki ne ke kuka. Sannan ka saki Cinebench na rabin awa kana kallon zafi. Idan ta tsallake, rufe komai, ka bar ta a kunne ba aikin komai, ka ce wa mai shago za ka je ka yi salla ka dawo. Da ka dawo, kafin ka taɓa linzami, duba agogon ƙasan allo ka gwada da na wayarka.